Kafin a Shimfiɗa Ledar Amarya

Ɗana, labari ya iso mini cewa an ba ka ɗakin nan na kudu a gidan kakanku, har ka fara tambayar kuɗin tayil da na leda. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Ba kai kaɗai ba ne. Duk shekara da an gama girbi, an kai riɗi da gyaɗa kasuwa, sai ka ga samarin Kangire sun duƙufa gyaran ɗakunan da iyayensu suka tsufa a ciki: wannan ya buga silin, wancan ya sake fenti, kowa burinsa 'yan jere su shigo su yi ta guɗa. Ban ga laifin haka ba. Roƙona ɗaya ne, kada ka rufe ƙasan ɗakin nan da komai sai ka san abin da ke tasowa daga ƙarƙashinsa, ka kuma san ta inda yake zuwa.

In kana so ka ga abin da nake nufi, bari watan Agusta ya kama, ka je ɗakin wata yayarka da ta yi shekara biyu ko uku da tarewa, ka roƙe ta ta bar ka ka ɗaga gefen ledar ta bayan ƙofa. Za ka tarar bayan ledar ya yi dabbare-dabbaren baƙi, yana yauƙi a hannu, simintin da ke ƙasa ya yi duhu, warin rima ya bugo ka. Leƙa ƙarƙashin sif. Katakon nan na zamani, wanda garin katako ne aka matse da gam, ƙafafunsa sun kumbura sun fara rugurgujewa. Gindin bango ya yi farin gishiri, fenti yana ɓarewa. Ita kuwa baiwar Allah kullum tana cikin turaren wuta, dangin miji suna gulmar wai ba ta iya tsabta ba, alhali ɗakin aka ba ta a jiƙe. Kayan da ubanta ya sayar da sa ya yi mata, kafin ta yaye ɗan fari sun tashi aiki.

Kakanninku ba su sha wannan wahala ba, ko da yake ba su da siminti. Daɓe suke yi. A kawo tsakuwar marmara a baza, a yayyafa ruwa, matan unguwa su taru da madaɓai su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Sannan a jiƙa ɓawon ɗorawa a tace ruwan makuba, a riƙa yayyafawa ana sake bugu, har daɓen ya yi ja ya koma baƙi-baƙi yana sheƙi. Ba zan ce maka ya fi siminti ba; yana farfashewa, gara tana huda shi, kuma sai ana sabunta shi. Amma yana da hali guda: abin da ya sha daga ƙasa da damina, yana sakinsa a iska. A kansa tabarma ce ko buzu, da safe a naɗe, a share, a bar ƙofa a buɗe. Danshi kullum yana tasowa, kullum yana tafiyarsa, ba wanda ya tare masa hanya.

Siminti ya fara cika ƙauyukanmu ne daga tsakiyar shekarun 1970, zamanin kuɗin Udoji, lokacin da gwamnati ta yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka cunkushe tashar Legas a 1975. Da kamfanin Ashaka ya fara aiki a 1979, a jihar Gombe ta yanzu, sai buhu ya riƙa zuwa mana daga nan kusa. Duk mai ɗan hali ya sa aka zuba masa a ɗaki. Sai dai yadda aka zuba shi, nan matsalar take. Galibi a kan tsohon daɓen aka shafa, kaurin yatsa biyu, aka goge da cokalin gini ya yi santsi. Wanda ya fi ƙarfi ya yi jaman fulo na sosai, da tsakuwa, inci 3 ko 4. Da wannan da wancan, da wuya ka sami wanda aka shimfiɗa wa ledar gini a ƙasa kafin a zuba. Ba ha'inci magina suka yi ba. A lokacin ba a ga dalili ba, tunda simintin a buɗe yake, tabarmar nan dai ce a kansa. Ledar ɗaki da kafet da suka zo daga baya su suka tona asiri.

Samari da yawa sun ɗauka siminti in ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Yana ratsawa. Ruwan da ake kwaɓa shi da shi ya fi abin da yake bukata don ya kama. Ragowar in ta fita sai ta bar ƙananan hanyoyi birjik a jikinsa, waɗanda ido ba ya gani. Ta nan yake jan ruwan ƙasa zuwa sama, yadda lagwani ke jan kananzir daga gindin fitila ba tare da wani ya tura ba. Gwargwadon ruwan da lebura ya tsuga wa kwaɓin don ya ji sauƙin juyawa, gwargwadon yawan hanyoyin. Ko inda ruwan bai kai ya hau ba, tururinsa yana hawa. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna, ya yi ta cin fulasta da gam ɗin leda da layin da ke tsakanin tayil.

Ƙasarmu ma tana taya shi. Kudancin Jigawa a kan dutse yake zaune. A Birnin Kudu ya fito fili, ga Dutsen Habude ga Dutsen Mesa da baƙi ke zuwa kallon zanen mutanen da; a wasu wuraren kuwa yana kwance ƙarƙashin jar ƙasa da marmara, masu haƙar rijiya sun san inda diga ke fara tsalle. In marka ta kankama, ruwa ba ya samun wucewa can ƙasa da sauri, sai ya tsaya sama-sama yana bin gefe, yana neman inda ya fi kwari. Gidan da ke gangaren fadama ba ɗaya yake da na kan tudu ba, shi ya sa ba na son jin "ai haka wane ya yi a ɗakinsa". A daminar 2022, wadda ta yi wa jihar nan ɓarnar da ba mu saba gani ba, mun ga ɗakunan da ruwa bai shiga ta ƙofa ba, ta tsagar siminti ya tsattsafo.

Saboda haka daga waje aikin yake farawa. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kada ka kwanta kana sauraron ƙarar kwano. Yafa buhu ka fita ka zagaya ɗakin, ta cikin gida da ta lungu. Dubi inda indararo ke zuba. In a gindin bango yake kwarara, ka kama mai laifi na farko. Dubi tsakar gida. Tsohon gida ƙasarsa tashi take yi: shara, toka, takin dabbobi, ƙasar katangar da ta zube aka baje, cikon da ake yi duk shekara, ana ta tarawa har ɗakin da kakanka ke hawa ya shiga ya zama kai sai ka sauka. Lungu ma haka, ballantana in an ɗaga titi. Ɗakin da ya zama kwari a cikin gida, ko me ka shafa masa sai ya yi rima. Dubi rariya ko ta toshe. Sannan ka bi kowane bango ka ga abin da ke bayansa: makewayi ne, wurin wanke-wanke ne, randa ce aka kafa a jikinsa, turken awaki ne, ko bututun famfo ne aka binne yana yoyo ba a sani ba? Ruwa ba ya tsami banza. In kusurwa ɗaya ce kawai ke jiƙewa, har da rani, to wani abu ne ke zuba a wurin, a nemo shi.

Abin da ake so, ƙasan ɗaki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6, kuma ƙasar wajen ta gangara ta bar bango. Sau da yawa maganin ke nan gaba ɗaya: diga, shebur, baro, da abokai ranar da ba kasuwa. A kwashe tudun da ya taru a kai gona, ai taki ne. A ƙara wa indararo tsawo, ko a sa dutse mai faɗi inda yake zuba da 'yar kwata da za ta ja ruwan. A zagaye gindin bango da ɗan dakali mai gangara, faɗin ƙafa 2 ko 3. A matsar da randa da turke. Amma fa gidan gado ne, ba naka kai kaɗai ba. Ruwan da ka kora daga ƙofarka wani wuri zai je, in ba ka yi hankali ba ɗakin baffanka ko katangar maƙwabci. Kafin ka ɗaga diga ka zauna da manyan gidan, in rariyar ta shafi lungu a sanar da mai unguwa. Rigimar kwata ta raba zumunci da yawa a garuruwan nan, kuma alhakin maƙwabci ba abin wasa ba ne.

Bayan wannan sai gwaji. Nemi farar leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, ka yanka inci 18 kowane gefe. Share simintin tsirara, shimfiɗa ta, ka bi gefunanta huɗu da salatif mai faɗi ka liƙe ruf, kada iska ta sami ƙofa. Yi haka a tsakiyar ɗaki, da kusurwa, da jikin bangon da kake zargi. Masu gini a Amurka sun sa wannan gwaji cikin ƙa'idojinsu, sun ce a bar ta aƙalla awa 16. In ka bar ta kwana 2 ko 3 ya fi. In ka dawo ka ga raɓa a ƙarƙashin ledar, ko simintin wurin ya fi na kewaye duhu, daga ƙasa yake tasowa. In kuwa a saman ledar ruwan ya kwanta, ƙarƙashi a bushe, to zufa ce: iskar damina mai nauyi ta sauka kan siminti mai sanyi. Wannan taga take so da iska, ba sai an fasa ɗaki ba. Lokacin gwajin Agusta ne ko Satumba. Wanda ya gwada a watan Maris, ƙasa ta yi watanni ba ta ga ɗigo ba, ledar za ta ce masa lafiya lau, ya shimfiɗa kafet, damina ta zo ta ƙaryata shi. Ka ga ke nan ɗakin da za a tare a cikinsa da rani, tun damina ake fara duba shi.

In gwaji ya nuna daga ƙasa ne, ɗauki ƙaramar guduma ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa. Inda siminti ya zauna daram ƙararsa a dunƙule take. Inda ya rabu da ƙasa za ka ji yana amsawa, alamar rami, ko ciko ya zauna ko gara ta yi gida. Fasa ɗan wuri a kusurwa ka ga kaurinsa da idonka.

In jaman fulo ne na gaske, mai kauri, bai lotsa ba, kada ka fasa shi, asara ce. A kankare tsohon gam da fenti, a buɗe tsagogi a cike su da siminti mai ƙarfi, a goge duk wani tsini, a share tas. Sannan a shimfiɗa baƙar ledar gini, ba ta shanyar barkono ba. Wadda ake so ita ce mai geji 1000, kaurinta rubu'in milimita. In ba ka samu a Birnin Kudu ko Dutse ba, ka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Inda falle biyu suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya da aƙalla inci 6, in ka ba shi ƙafa guda ya fi, a liƙe da salatif. Gefunan su hau bango su wuce inda sabon daɓe zai tsaya, sai an gama a yanke ragowar. A kan ledar a zuba daɓen siminti da bai gaza inci 2 ba, domin bai kama da na ƙasa ba, kansa yake riƙe da shi. In ya fi haka siranta zai tsattsage ya ɗaga. Buhu 1 na siminti, kwanon sarki 8 na yashin kogi mai kaifi wanda ba laka a ciki. Ɗaki ƙafa 12 da 12 zai ci kamar buhu 5. Ka tuna ɗakin zai tashi da inci 2, ga kaurin tayil a kai, don haka a auna ƙofa tun kafin a kwaɓa, kada a gama ƙyaure ya ƙi buɗuwa. Wasu maimakon leda kwalta suke shafawa, irin ta ruwa da ake sayarwa a bokiti. Ita ma tana yi in an shafa sau 2 ko 3, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, na biyu ya gitta na farko, a watsa yashi kan na ƙarshe tun yana danƙo, sannan a zuba daɓe.

In kuwa shafen nan ne na yatsa biyu, ya farfashe, yana amsa guduma, to a haƙura a fasa. A kwashe har da tsohuwar ƙasar da ta ruɓe, amma kada a haƙa a wuce gindin bango, kuma kada a yi wannan da damina. A yi ciko da jar ƙasa ko marmara kaɗan-kaɗan, inci 6 a yayyafa ruwa a daddake, sannan a ƙara. Cikon da aka juye gaba ɗaya aka tattaka da ƙafa shi ne ke zama daga baya. A kansa a baza fasasshen dutse inci 4 zuwa 6, abin da Allah ya hore mana a ƙasar nan. Ratar da ke tsakanin duwatsun ita ke yanke wa ruwa hanyar hawa. A rufe da yashi inci 2 don kada tsini ya huda leda. A nan ake zuba maganin gara in za a zuba. Sai leda yadda na faɗa, sai kankare inci 4: buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Ɗakin nan na ƙafa 12 da 12 zai lashe kamar buhu 8. Na san nauyin wannan lissafi tun da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Ledar ba ta kai ko kusa da kuɗin simintin ba, amma ita aka fi tsallakewa.

Ranar da za a zuba, ka bar duk abin da kake yi ka tsaya a wurin. Ba don magini maha'inci ne ba. Aikin jinga ne, rana tana yi, lebura zai turo baro a kan ledar, bakin shebur zai cake ta, wani ma da gangan zai huda ta don ruwan kwaɓi ya tsotse a gama da wuri. Sa katako inda za a taka. Duk hudar da ka gani a liƙe ta kafin a rufe. Ka kuma sa ido kan bokitin ruwa, kada kwaɓin ya tsinke. Yi wa maginin magana da ladabi, ya girme ka kuma sana'arsa ce, amma kai za ka kwana a ɗakin.

Za ka sha shawarwari a majalisa. Wani zai ce ka shafe ƙasa da baƙin man mota, wai yana kashe gara yana hana ruwa. Kada ka yi. Dauɗar inji ce mai guba, warinta ba ya fita, tana bin ƙasa ta kai rijiya, kuma duk abin da ka ɗora a kanta ba zai kama ba. Wani zai ce a zuba hodar hana ruwa a cikin kwaɓi, shi ke nan. Hodar tana rage shan ruwa, ban hana ka ba, amma ranar da daɓe ya tsage ba ta da ta cewa. Wani kuma zai ce ai tayil ruwa ba ya ratsa shi. Gaskiya tayil ya fi leda da kafet jure danshi nesa ba kusa ba. Sai dai ruwan da ya hana fita yana nan. Zai ɓullo ta layin tsakani, ko ya nufi bango.

Nan nake so ka buɗe kunne, domin ɗakin naka, kamar yawancin tsofaffin ɗakunan garin nan, bangon ƙasa ne aka yi wa fulasta. Bangon bulo da aka yi wa difisi yadda ya kamata yana da abin da ke tare ruwa a gindinsa. Na tubali ba shi da shi. Da can danshin da ke ƙarƙashin ɗaki ta faɗin daɓe gaba ɗaya yake fita. Ka rufe da leda da kankare, ƙofa ɗaya ta rage masa, gindin bango. In kuma bangon an lulluɓe shi da siminti ciki da waje, ga fenti mai mai, ga tayil an ɗora har gwiwa don ado, sai ƙasar ta yi ta jiƙewa a ɓoye tana laushi, fuskar tana nan sumul. Irin wannan bango ba ya yi wa kowa gargaɗi, kuma da yawa daga ginin ƙasa da ke faɗuwa da marka daga ƙafa yake karyewa. Shi ya sa a gidan ƙasa gyaran waje ya riga na ciki. Ka bar wa bangon aƙalla fuska ɗaya da zai riƙa bushewa ta nan, yaɓen ƙasa da makuba ta waje, ana sabuntawa kafin ruwa ya sauka, yadda aka gada. In ka ƙwanƙwasa fulastar gindin bango ka ji ta rabu, ɓare ta ka duba, kada ka bi ta da fenti. In ƙasar ciki ta yi laushi har yatsa na shiga, ka jingine maganar tayil ka kira tsohon maginin ƙasa. Wannan ya wuce ado, maganar rai ce.

Sai jira, wanda shi ya fi yi wa ango wuya. Jiran siminti iri biyu ne kuma ana rikita su. Na farko ban ruwa: kwana 7 ana yayyafa masa safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, musamman in hunturu ya shigo, don iskar nan tana zuƙe ruwan kafin ya kama, ya tsattsage ya riƙa tashin gari. Ƙarfinsa ba ya cika sai wajen kwana 28. Na biyu bushewa. Yanzu da leda a ƙarƙashi, ruwan kwaɓin ba shi da hanya sai sama. Ƙiyasin magina a ƙasashen sanyi kamar wata guda ne ga kowane inci. Zafinmu da iskar rani suna rage wannan, amma ba sa mai da shi mako guda. Buɗe ƙofa da taga, ka sake gwajin ledar nan, sai ta fito a bushe za a shimfiɗa wani abu. Tayil ana iya sa shi kafin lokacin da leda ko kafet za su yarda. In an sa rana kuma ta matso, ka tura gwaggonka wajen iyayen yarinya a ce a yi jere a kan tabarma ko darduma da ake iya ɗagawa, a ajiye ledar a naɗe tukuna. Za a yi ƙorafi kwana biyu. Uwar da ta san kuɗin kayan 'yarta za ta gane.

Kuma don Allah kada wani ya ce a kunna gawayi a rufe ɗakin don ya bushe da sauri, ballantana a kwana a ciki. Siminti zai tsage, kuma gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci.

In aljihu bai kai ga ko ɗaya cikin waɗannan ba bana, ba abin kunya ba ne. Yi gyaran waje, wanda ƙarfinka kawai yake ci. Bar simintin a buɗe, ko in dole sai an shimfiɗa leda, kada a manna ta da gam, kada kuma ta kai jikin bango. A bar tazarar tafin hannu, da marka a riƙa naɗe ta ana shan iska ranar da rana ta fito. Katifa ta hau gado. Sif da kujeru a ɗora ƙafafunsu kan guntayen tayil, a janye su kaɗan daga bango. Buhun gyaɗa da masara kada su taɓa ƙasa, a jera katako a ƙarƙashi, domin funfunar da ke kama su tana da gubar da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Funfunar ɗaki ma ba ta bar mutum ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto guda a 2009 a kan danshi da funfuna a muhalli, ta danganta su da tari da asma, kuma ka san jariri ne ke yini a ƙasa yana shaƙa. Tagar nan ta baya da aka toshe da bulo saboda sauro da ɓarayi, a buɗe ta a sa ƙarfe da raga. Sauran aikin a tara masa kuɗi zuwa girbin baɗi, a yi shi da ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya yi ƙarfi. Yashi da dutse da ledar gini ana iya tara su tun yanzu kaɗan-kaɗan. Siminti kuwa kada a saya a ajiye, buhun da ya yi watanni a ɗaki dunƙulewa yake ƙarfinsa ya ragu. A saye shi makon da za a yi aikin.